Hannun Ƙarfe a Shagon Mai Sana'a: Tambayoyi da Amsoshi kan Kobot da Fasahar Kiyaye Muhalli

A ƙananan masana'antun Denmak, Jamus, Italiya da Japan, irin waɗanda ma'aikatansu ba su wuce goma ko ashirin ba, yanzu akan tarar da wani hannun ƙarfe ɗaure a kan teburin aiki, yana walda ko yana goge katako, mai shago na tsaye kusa da shi ba tare da shinge a tsakaninsu ba. Ana kiran wannan na'ura kobot. Ga amsoshin tambayoyin da mai walda, kafinta, baduku ko tela zai so ya yi idan labarin ya iso masa.

Mene ne kobot, kuma me ya raba shi da mutum-mutumin da muke gani a masana'antar mota?

Mutum-mutumin masana'anta ya daɗe. Na farko, mai suna Unimate, ya fara aiki a 1961 a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey a Amurka, yana ɗaukar ƙarfe mai zafi daga injin zubi. Irinsa yana da ƙarfi da sauri, amma bai san akwai mutum a kusa da shi ba. A 1979 wani ma'aikaci ya rasa ransa a masana'antar Ford da ke Michigan bayan hannun irin wannan inji ya buge shi. Shi ya sa ake killace su cikin keji, ƙofar kejin kuma idan aka buɗe ta inji ya tsaya.

Kobot an ƙera shi ne don ya yi aiki a wuri ɗaya da mutum. Malamai biyu na Jami'ar Northwestern a Amurka, Edward Colgate da Michael Peshkin, su suka fito da tunanin a 1996. Nasu na farko ma ba ya motsi da kansa: mutum ke turawa, na'urar tana saita masa hanya. Wanda ya shiga kasuwa sosai daga garin Odense na Denmak ya fito, inda aka kafa kamfanin Universal Robots a 2005. A ƙarshen 2008 suka sayar da na farko, samfurin UR5, ga wani kamfanin roba mai suna Linatex, wanda ya sa shi ɗora wa inji kaya da sauke su. Daga baya manyan kamfanoni irin su KUKA, ABB da FANUC suka biyo baya, sai kuma na Sin da Koriya ta Kudu da Taiwan.

A siffa hannu ne, yawanci mai gaɓoɓi shida. Matsakaicin kobot nauyinsa kusan kilo 20 ne, yana ɗaukar kaya mai kilo 5, yana miƙewa santimita 85. Yana jin ƙarfin da ke danna shi, don haka idan ya ci karo da wani abu da bai zata ba, sai ya tsaya cak. A 'yan shekarun nan ana girka mutum-mutumin masana'anta sama da rabin miliyan a duniya kowace shekara, kusan ɗaya cikin goma daga ciki kobot ne.

Wane aiki yake iya yi a shagon sana'ar hannu?

Aikin da ake maimaitawa sak, wanda ke cin jiki fiye da yadda yake buƙatar tunani. Uku ne suka fi yawa.

Na farko walda. A ce shago ya karɓi kwangilar ƙafafun kujerun makaranta guda 400, kowace da wuraren haɗi shida iri ɗaya. Mai walda zai ƙera abin riƙe ƙarfe wanda kowace ƙafa za ta zauna a ciki daidai, ya nuna wa kobot layin waldar sau ɗaya, ya saita wuta da saurin waya da kansa. Daga nan aikinsa ya koma ɗora ƙarfe, danna maɓalli, duba abin da ya fito. Yayin da inji ke ƙona wannan, shi yana shirya na gaba a ɗaya gefen teburin. Hannun yana komawa wuri ɗaya da kuskuren da bai kai kaurin gashi ba, kuma waldar ƙarfe huɗu na yamma ba ta bambanta da ta ƙarfe takwas na safe.

Na biyu guga da sanfefa. Duk kafintan da ya taɓa goge saman teburi mai faɗi ya san yadda kafaɗa ke mutuwa, da yadda hannu ke danna wani wuri fiye da wani idan gajiya ta zo, sai an shafa banish tabon ya bayyana. Kobot yana danna katako da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Kamfanin Mirka na Finlan da Robotiq na Kanada suna ƙera kawunan guga na musamman don wannan aiki.

Na uku hidimar wasu injuna: saka ƙarfe ko katako cikin injin yanka, cire shi, jera shi. Akwai kuma feshin fenti, shafa gam da ɗaure sukurori.

A nan akwai maganar lafiya da ba a cika yi ba. Hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji tun 1995, ta ƙara hayaƙin walda a 2017. Duk awar da fuskar mutum ta yi nesa da wannan hayaƙi riba ce, ko da ba a ƙara kujera ɗaya a kan abin da ake fitarwa ba.

Sai na iya kwamfuta kafin na sarrafa shi?

Ba lallai ba. Ana danna wani maɓalli, gaɓoɓin su saki, sai ka kama hannun ka ja shi zuwa inda kake so aikin ya fara, ka danna a allo ya riƙe wurin, ka ja shi zuwa inda zai ƙare, ka sake dannawa. Layi miƙaƙƙe maki biyu yake so, lanƙwasa kuma uku. Mai walda da ya iya amfani da wayar hannu zai iya koyon wannan cikin 'yan kwanaki.

Abin da ba a koyo cikin kwanaki shi ne waldar kanta. Inji bai san kusurwar da ta dace a riƙe bakin walda ba, bai san ƙarfe mai kaurin milimita biyu zai huje idan wuta ta yi yawa ba, bai san daga wane gefe za a fara don kada zafi ya karkatar da firam ba. Abin da aka nuna masa shi zai yi, daidai ne ko kuskure, sau 400. Ya fi kama da sabon yaron shago wanda ba ya gajiya, ba ya mantuwa, amma ko ya ga aiki na lalacewa ba zai ɗaga kai ya ce "Maigida, zo ka gani" ba. Don haka shagunan da suka ci moriyarsa su ne waɗanda suka damƙa shi ga gwanin da ya fi kowa sanin aikin.

Me ya gagare shi?

Duk abu mai laushi, da duk abin da ba ya zuwa iri ɗaya sau biyu.

Yadi shi ne babban misali. Tela yana jan ƙyalle da yatsu, yana sassautawa, yana gyara tattara, duk a cikin daƙiƙa ɗaya ba tare da ya lura yana yi ba. Injiniyoyi sun shafe shekaru suna fama da wannan. Wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Sewbo sai da ya riƙa jiƙa yadi da wani sinadari ya sandare kamar kwali kafin hannun inji ya iya riƙe shi ya ɗinka, daga baya a wanke. Kamfanin Adidas ya buɗe masana'antun takalma masu aiki da mutum-mutumi a Ansbach na Jamus da kusa da Atlanta a Amurka, amma a Nuwamban 2019 ya sanar da rufe su. Samfura kaɗan kawai suke iya yi.

Fata ma haka take. Babu ƙirgi biyu masu kama ɗaya: wani yana da tabon ƙaya, wani yana da ramin kaska, gefen ciki ya fi na baya taushi da miƙewa. Akwai injunan yanka masu kyamara da ke gano wasu tabo, amma sanin wane yanki ne zai yi fuskar jaka, wanne zai tafi ciki inda ido ba ya kaiwa, har yanzu a hannun baduku yake. Katako yana da ƙulli da jijiya, yumɓu yana sauya hali da yanayi.

Sai kuma lissafin lokaci. Idan ƙofa ɗaya tak aka ba ka, mai ado na musamman, kafin ka gama ƙera abin riƙewa da koya wa inji hanya, da hannu ka riga ka gama ka tafi gida.

An ce ba shi da haɗari. Gaskiya ne?

Masu talla sukan wuce gona da iri a nan. Hannun da kansa an tsara shi kada ya ji wa mutum mummunan rauni. Ƙa'idar duniya da aka fitar a 2016, ISO/TS 15066, ta lissafa sassan jikin mutum 29 da iyakar ƙarfin da inji zai iya danna kowanne, bisa wani bincike da aka yi a Jami'ar Mainz ta Jamus. Amma hannun da ke riƙe da wuƙa, ko faifan yankan ƙarfe, ko bakin walda, ba ruwansa da taushin gaɓoɓi. Hasken walda yana ƙona ido ko wa ke riƙe da shi. Shi ya sa za ka ga kobot na walda kewaye da labule mai duhu, na yanka kuma da na'urar da ke rage masa gudu ko tsayar da shi idan mutum ya matso. Aikin gaba ɗaya ake dubawa: hannu, abin da yake riƙe da shi, kayan da yake ɗauka, da tsayin da yake wucewa. Kada ya riƙa shawagi daidai fuska ko wuya.

Idan inji ya taɓa kaya, har yanzu aikin hannu ne?

Wannan gardama ta girmi kobot da shekaru ɗari biyu, kuma kowace al'umma da inda ta ja layinta.

Masaƙan unguwar Nishijin a Kyoto, waɗanda ke saƙa alharinin kayan gargajiyar Japan, sun ga kasuwarsu na mutuwa bayan fadar sarki ta koma Tokyo. A 1872 hukumar Kyoto ta tura mutane uku zuwa Lyon a Faransa su koyo masaƙar Jacquard, wadda ke karanta zane daga katunan da aka huhhuje. Suka dawo da ita a shekarar da ta biyo. Yau babu mai cewa yadin Nishijin ba na gargajiya ba ne, kuma da yawa cikin masaƙun sun maye gurbin katunan da kwamfuta.

Mutanen tsibiran Outer Hebrides a Sikotilan sun bi wata hanya. Dokar majalisar Birtaniya ta 1993 ta ce ba a kiran yadi Harris Tweed sai in mazauna tsibiran ne suka saƙa shi da kansu a gidajensu. Rini da kaɗin zaren injuna ke yi a masana'anta, amma saƙar da ƙafa ake taka ta. Wato sun zaɓi mataki ɗaya suka ce wannan ba na inji ba ne, suka sa hatimi a kai, mai saye kuma yana biyan kuɗin hatimin. Indiya ma tana da doka tun 1985 da ta keɓe wasu nau'o'in yadi ga masaƙan hannu, da tambari na musamman tun 2006.

A wasu shagunan sassaƙa na Carrara ta Italiya manyan injuna, waɗanda ba kobot ba ne, su ke fara sare dutsen marmara, masassaƙa su ƙarasa da hannu. A gyaran majami'ar Notre-Dame ta Paris bayan gobarar 2019, an yi amfani da awon kwamfuta mai fuska uku, amma kafintoci da gatari suka sassaƙa ginshiƙan rufin kamar yadda aka yi na asali.

Mu ma mun san wannan, domin ta faru da aikin babbar riga da hula. Da injin surfani na kwamfuta ya shigo, aikin wuyan da kan ɗauki mai allura makonni ya koma na sa'o'i. Aikin hannu bai mutu ba, amma kasuwar ta rabu biyu, kuma wanda ya san kaya yana juya riga ya duba bayanta kafin ya yi tayi. Inda aka samu ɓaraka shi ne inda ake miƙa aikin inji a karɓi kuɗin aikin hannu. A ganina nan ne kaɗai laifin yake. Amfani da inji ba aibu ba ne, ɓoye shi ne algus. Mai shago ya faɗa wa mai saye a fili: inji ya yanka ya goge, hannu ya haɗa ya yi ado. Mafi yawan masu saye ba za su gudu ba.

Zai raba mutane da abincinsu?

A ƙasashen da ya yaɗu, matsalar akasin haka ce. Jamus tana da shagunan sana'ar hannu kusan miliyan ɗaya, masu ɗaukar sama da mutum miliyan biyar, kuma kukan da suke yi kullum shi ne rashin ma'aikata da rashin magada. A Japan tsofaffi ma sun fi yawa. Mai shagon da ya sayi kobot a can sau da yawa ya gaji ne da neman mai walda bai samu ba. A inda matasa suka yi yawa aiki ya yi kaɗan, lissafin daban ne, kuma ba daidai ba ne a ɗauko hujjar Jamus a ɗora ta a kan Kano ko Maraɗi.

To yaran shago fa, a ina za su koyi aiki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma masu sayar da injin ba sa son ta.

Ayyukan da ake cewa a miƙa wa kobot, su ne ainihin ayyukan da ake fara ba ɗan koyo. Yaron kafinta da sanfefa yake farawa. Wata da watanni yana guga, har tafin hannunsa ya san bambancin maɗaci da farin katako, ya san inda jijiya ta juya. Yaron maƙeri da zuga-zugi yake farawa, a nan idonsa ke koyon launin ƙarfe, ya san ja mai duhu daga ja mai haske kafin a taɓa ba shi masaba. Mai walda ba ya zama gwani sai ya ƙona layi dubbai marasa daɗin yi. Gwanin da ke koya wa kobot hanya a yau, ta wannan matakala ya hau. Idan aka cire matakan ƙasa, wa zai koya wa injin shekara ashirin masu zuwa?

Jamusawa suna da abin da ke rage musu wannan haɗari. Ɗan koyo a can yana yin shekara uku zuwa uku da rabi tsakanin shago da makaranta, kuma sai ya ci jarrabawar aiki da hannunsa kafin a ba shi takarda, ko shagon maigidansa cike yake da injuna. Inda babu irin wannan tsari, nauyin yana wuyan maigida. Hanya mai ma'ana ita ce kada yaro ya taɓa allon injin sai ya iya fitar da aikin da hannu yadda za a karɓa, kuma a ci gaba da ware masa wani kaso na aikin ya yi da kansa, ko da inji zai fi shi sauri. Wannan asara ce a littafin wata, maigida kuma sai ya yarda ya ɗauke ta da gangan.

Akwai masu ƙoƙarin adana gwanintar tsofaffi ta hanyar naɗar motsin hannunsu da na'urori. Wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi, mai suna Mingei, ya yi haka da masu hura gilashi da masaƙan alharini na Krefeld. Yana da amfani a matsayin ajiya. Amma naɗar motsi tana nuna abin da hannu ya yi ne, ba ta nuna abin da gwanin ya gani har ya sa hannun ya yi hakan ba.

Ina maganar muhalli ta shigo? Inji ai wuta yake sha.

A 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da wani tsari na makomar masana'antu wanda ya haɗa abu uku: a sa ɗan Adam a tsakiya, a kiyaye muhalli, masana'anta ta iya jure girgiza. Tun daga nan ake yawan ambaton kobot da muhalli a numfashi ɗaya, har wasu su ɗauka sayen injin kansa aikin kare muhalli ne. Ba haka ba ne. An haƙo alminiyon da tagulla da maganaɗisu kafin a ƙera shi, an kuma yi jigilarsa daga wata nahiya.

Wutar da yake sha ba ta da yawa. Matsakaicin kobot yana jan kusan wat 200 a aiki na yau da kullum, wato awa takwas ba ta kai yunit biyu ba. Masu shan wutar su ne abokan aikinsa: injin walda, injin zuƙe ƙura, musamman kwamfireso, wanda mafi yawan wutar da yake ja zafi take zama, ga kuma iskar da ke tsiyaya ta bututun da ba a gyara ba.

Inda yake taimakon muhalli da gaske shi ne rage ɓarna. Waldar da ta fito daidai tun farko ba a sake yanke ta. Feshin da ke tafiya da nisa ɗaya da gudu ɗaya yana cin fenti kaɗan, kaɗan kuma ke tashi a iska. Tsara yanka a kwamfuta yana fitar da guntaye masu yawa daga falle ɗaya na ƙarfe ko katako. Kuma tunda inji a wuri ɗaya yake aiki, ana iya kafa bakin zuƙe hayaƙi daidai kansa. Duk wannan sai an auna kafin da bayan girkawa. Wanda bai san yawan ƙarfen da yake zubarwa a wata ba, ba zai san ko ya rage ba.

Akwai fasahar kiyaye muhalli da ba ta buƙatar mutum-mutumi?

Ita ce ma ta fi yawa, ta fi araha, ta fi tasiri.

Farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. A kudancin Indiya, cibiyar SELCO ta daɗe tana haɗa masu sana'a da kayan aiki masu amfani da hasken rana: keken ɗinki, faifan ginin tukwane, da fanka mai hura wutar maƙera wadda ake iya saita ƙarfinta. Dabararsu ita ce a fara sauya injin da wanda ba ya shan wuta sosai, sannan a auna solar da za ta ɗauke shi, don kada a sayi faifai da batir fiye da buƙata.

A aikin jimar fata kuwa, babbar matsalar sinadari ce. Sama da kashi uku cikin huɗu na fatar duniya da gishirin kurom ake jeme ta, saboda yana gama aiki cikin kwana guda, jimar itatuwa kuwa tana ɗaukar lokaci mai tsawo. Ruwan da ke fita daga irin waɗannan masana'antu shi ya lalata kogin Buriganga a Dhaka har gwamnatin Bangladesh ta tashi majemun Hazaribagh a 2017, shi ne kuma abin da mazauna kusa da Challawa da Sharaɗa a Kano suka daɗe suna kuka da shi. Akwai hanyar tace kurom daga ruwan a sake amfani da shi, kuma sananniya ce. Ga wani abin lura: bagaruwar da majemanmu na gargajiya ke amfani da ita tana cikin irin jimar da masu sayen fata a Turai ke ƙara kuɗi a kanta yanzu. Haka rinin baba da toka na Ƙofar Mata. Ba wai ba su da nasu dattin ba, ruwan jima kowane iri ne yana buƙatar a tace shi kafin a sake shi. Abin da irin waɗannan wurare ke buƙata shi ne magudana, ramin tace ruwa, safar hannu, da takardar shaida da mai saye na waje zai yarda da ita.

Nawa ne kuɗinsa?

Hannun kaɗai, na kamfanonin Turai da Japan, yakan kama daga kusan dala dubu 25 zuwa dubu 50 gwargwadon girma. Na Sin sun fi sauƙi. Amma hannu tsirara ba ya aiki. Sai an ƙara abin kamawa ko kan guga ko injin walda, teburi, abubuwan riƙe kaya, kayan kariya, horo, da ladan wanda zai haɗa su, kuma sau da yawa jimillar takan ninka kuɗin hannun. A naira ana maganar gomman miliyoyi ne kafin kuɗin jigila da na kwastan.

Kuɗin yana dawowa ne ta yawan awannin da injin ke aiki. Wanda ke aiki awa biyu a mako ba zai taɓa biyan kansa ba. Shi ya sa a wasu ƙasashe ake ba da hayarsa wata-wata, ko ƙungiyar masu sana'a ko cibiyar koyarwa ta saya, mambobi su riƙa kawo aiki.

Zai yi aiki a Panteka ta Kaduna, ko a shagunan Kano da Damagaram?

A fasahance zai iya, idan an tanadar masa abin da yake so. Wutar da ke ɗaukewa a tsakiyar aiki ko take hawa da sauka tana lalata akwatin sarrafa shi, don haka sai da inbata da batir. Wasunsu an ƙera su su jure zafi har digiri 50, amma rumfar kwano a watan Afrilu tana kusantar haka, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iskar akwatin. Idan gaɓa ɗaya ta lalace, daga waje za a yi odar ta da dala.

A kasuwance kuwa, ga mafi yawan shaguna lokacinsa bai yi ba. Ladan ma'aikaci bai kai yadda inji zai fi shi araha ba, ayyukan kuma ɗaiɗai suke zuwa, kowanne da awonsa. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, abin da ke cin ribar mai shago makamashi ne. Kuɗin kobot ɗaya zai sa wa shaguna da dama sola, ya sauya tsofaffin injunan walda masu nauyi da na inbata masu shan wuta kaɗan, ya sayi hular walda mai duhunta kanta da abin zuƙe ƙura. Waɗanda ya kamata su fara duba shi su ne masu ƙera abu iri ɗaya da yawa, kamar gadajen asibiti, kujerun makaranta, murhu ko ƙafafun faifan sola, sai kuma kwalejojin kimiyya da fasaha, don ɗalibai su san shi tun kafin su haɗu da shi a wurin aiki.

Idan kamfanin da ya ƙera shi ya rufe fa?

Ta taɓa faruwa. Rethink Robotics na Boston, wanda ya fito da Baxter a 2012 har jaridun duniya suka yi ta yayata shi, ya rufe a Oktoban 2018, wani kamfanin Jamus ya sayi haƙƙin fasaharsa. Waɗanda suka riga suka saya sun shiga zullumin kayan gyara da sabunta manhaja.

Don haka kada a yi cinikin biri a sama. Mai saye ya kai kayansa na gaske, da karkacewarsu da tsatsarsu, a gwada a gabansa, ya riƙe agogo tun daga ɗora kaya har sauke su. Ya tambayi wanda zai zo gyara, daga wane gari, cikin kwana nawa. A rubuta a yarjejeniya shekarun da za a ci gaba da samun kayan gyara, da ko injin zai ci gaba da aiki idan babu intanet ko an daina biyan kuɗin manhaja. A kuma rubuta cewa hanyoyin aikin da gwanin shago ya koya wa injin, da zane-zanen da aka zuba a ciki, mallakar shagon ne, ana iya kwafe su a ajiye, kuma dillali ba shi da izinin ɗaukar su ya kai wa wani.